Sunan Uwa a Kan Taswira

Naj'ul Hamam, Ƙina
Tsakiyar Jimada Sani

Zuwa ga ɗana Wa'il ɗan Sabri, a Alƙahira.

Da sunan Allah na ɗauki alƙalami. Ina gaishe ka gaisuwar wanda aka daɗe ba a gani ba, ina tambayar lafiyarka da ta maiɗakinka da 'yar jaririyarku da har yau ban ɗauka ba sai a hoto. Mu nan sai godiya. Sanyi ya shigo, gwiwata ta hagu ta ba ni labarinsa tun kafin ya iso. Ɗan cikina Ramzi yana can Kuwait, ya ce a gaishe ka. Baffanka, yayana Alhaji Halaf, yana fama da ƙafar nan ta ciwon suga. Daga ɗaki sai dakalin ƙofa, in ya matsa sai gidan shayin bakin titi, shi ma sai an goya shi a babur.

Milad direba zai kawo maka wannan takarda tare da kwando: gurasa ce da maɗin rake da tsohon cuku. Ban kira ka a waya ba don waya a gidan nan ba ta da sirri. Ba a samun layi sai a bakin ƙofa, a bakin ƙofar kuwa Baffanka yake wuni.

Kakarka da mahaifiyata 'ya'yan wa da ƙani ne. Zumuncin ya yi nisa, amma ban san wani a dangi da ya san aikin taswira ba sai kai, shi ya sa na zo ƙofarka.

Makon jiya maƙwabcinmu Sabit mai gyaran famfo ya faɗi a tsakar gidansa. Aka kira motar asibiti. Yanzu ba sa tambayar mutane hanya, wani allo ne a gaban direba yake bi. Aka ce musu Lungun 'Ya'yan Abdur-Radi. To ka san kakanmu Abdur-Radi ya bar ɗakuna uku, kowane ɗaki da lungunsa, kowane lungu kuma da wannan sunan yake amsawa. Motar ta tafi na arewa, ta dawo na bakin magudanar ruwa, muna jin jiniyarta tana kewaya mu kamar akuyar da ta ɓace wa garke. Da ta iso Sabit ya riga ya cika. Kwana ne ya ƙare, ban ce komai a kan hukuncin Allah ba. Amma an umarce mu da ɗaure raƙumi.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne Najla, autar Baffanka. Ta dawo gida haihuwar fari, mijinta yana can aikin otal a bakin teku. Likita a Ƙina ta duba ta ta ce mabiyiya ta sauko ta tare hanya, watan Sha'aban za a yi mata aiki, amma in jini ya ɓalle kafin nan, ba a jira, ba a ɗora ta a babur, mota za a kira nan take. Tun rasuwar uwarta ni ce uwarta. Kuma ga yankan rake ya kama, da rana babu saurayi ko ɗaya a unguwa da zai ruga bakin titi ya taro mota.

Don ka gane wurin: namu ne lungun da ke bayan inda hasumiyar tantabaru take kafin a rushe ta. Maza haka suke kwatance. Amma in gaskiya kake so, sunan da ba ya rikicewa da na kowa, wanda har matan ƙetaren ruwa suka sani, shi ne Lungun Ruhiyya, saboda tanderun mahaifiyarmu da duk unguwa ke kawo ƙullu. Ka duba ka yi abin da ya dace.

Allah ya yi maka albarka.
Goggonka, Ummu Ramzi


Alƙahira
Disamba

Goggo mai daraja,

Amincin Allah ya tabbata a gare ki. Kwando ya iso. Maiɗakina ta ce in gaya miki gurasarki ta ɓata mata suna a gida, yanzu ko ta gasa tata sai in ce ba haka ta Goggo take ba. Muna lafiya, jaririya ta fara haƙori. Allah ya jiƙan Sabit, ya sauki Najla lafiya, ya ba Baffa sauƙi.

Kin zo a kan gaɓa. Kamfaninmu ne aka ba aikin sabunta taswirar lardunan kudu, kuma daga ita masu motocin asibiti suke ɗaukar tasu. An kawo mana sababbin hotunan tauraron ɗan'adam na bana, masu kyau har ana ganin inuwar dabino. Akwai kuma sabuwar manhaja da ke duba hoton da kanta ta zana gidaje da hanyoyi, aikin da a da muke yi da hannu wata da watanni. Sai dai idonta kawai gare ta, ba ta da kunne. Tana ganin lungu, ba ta san sunansa ba. Har tanderunku ta zana a matsayin ɗaki, sai da na goge.

Na buɗe Naj'ul Hamam na ga abin da kika faɗa. Lungu uku, suna ɗaya. In aka rubuta wa na'ura sunan, wanda ta fara cin karo da shi take ba direba, shi ne na arewa. Ba laifin direban ba ne.

Ƙa'idar aikinmu ita ce a sa sunan da mutanen wuri suke kira da bakinsu, in dai akwai wanda ya shaida. Na nuna wa shugabar sashenmu layin da kika rubuta, ta ce ba ta taɓa samun shaida mai tsabta irin wannan ba. Saboda haka na gyara. Lungunku yanzu Lungun Ruhiyya ne a taswira, shi kaɗai ne mai wannan suna a lardin gaba ɗaya, na bincika. Na yi sa'a kuma, gyaran ya shiga kafin a rufe kwafin da ake tura wa motocin asibiti. A wayoyin mutane zai fito nan da 'yan kwanaki.

Goggo, wallahi na ji daɗin wannan aiki fiye da duk wanda na yi a bana. Ban tashi a garin ba, hutu ɗaya na taɓa yi a wurinku, amma ina tuna Kaka, mahaifiyarku, tana fito da gurasa tana korar mu da mafici. Yanzu duk wanda ya buɗe waya ko a ina yake a duniya zai ga sunanta. Ki gaya wa Baffa, na san zai yi farin ciki.

Ranar Asabar za a tura mu aikin awo a hamadar yamma, can babu layi sosai. In na dawo zan nemi labari.

Ɗanki, Wa'il


Naj'ul Hamam
Farkon Rajab

Ɗana Wa'il,

Gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyali. Mu jikinmu lafiya. Najla tana kwance kamar yadda likita ta ce, ƙafafunta sun ɗan kumbura.

Na karanta takardarka a tsaye, da na kai tsakiya sai na nemi wuri na zauna. Ɗana, kwatance na yi maka, ba suna na ba ka ka rubuta ba. Na sake tuna kalmomina ɗaya bayan ɗaya, na ga yadda suka ba ka hanya, don haka ban ɗora maka duka ba. Na manta a Alƙahira aka haife ka. Amma ka taɓa jin mahaifinka, Allah ya jiƙansa, ya faɗi sunan tasa uwar a gaban maza? Mu mata muna faɗa a tsakaninmu, a bakin tanderu. Namiji ba ya faɗa, ba ya kuma yarda a faɗa masa. Tabon da ke kan girar Baffanka, a makarantar allo ya samo shi, ranar da wani yaro ya kira shi da sunanta. Ko a bangon gidanmu da aka zana jirgin ruwa shekarar da ta sauke farali, Ummu Halaf aka rubuta.

Na yi niyyar gaya masa da kaina, ina neman lokacin da ya dace, sai waya ta riga ni.

Ranar Talata da hantsi yana gidan shayi, dattawan ɗakuna ukun duk suna nan. Wani baƙo mai kawo tukunyar gas ya tsaya da kekensa mai ƙafa uku, ya maƙala waya a gabansa. Sai muryar matar nan ta cikin waya ta ɗaga, kowa yana ji, ta ce a juya dama a shiga lungun, ta faɗi sunan ɓaro-ɓaro. Baƙon kuma bai san komai ba, ya leƙo ya ce, "Salamu alaikum dattawa, nan ne Lungun Ruhiyya?"

Milad yana wurin, shi ya ba ni labari. Ya ce har cokali ya daina motsi a kofi. Sai Zaglul na lungun arewa, ka san bakinsa ba ya da linzami, ya ce, "Allahu akbar! Alhaji, ashe tsohuwa ta shiga waya. Mu namu iyayen ko tashar jirgi ba su sani ba, taka har Amurka."

Baffanka ya ɗaga sanda. Ba don ƙafar ba da yanzu wani zancen ake. Aka riƙe shi, aka ce wa baƙon ya tafi. Zaglul yana ja da baya yana cewa, "Ni me na ce? Matar waya ce ta faɗa, je ka ka doke ta!"

Da aka dawo da shi bai shiga ɗaki ba, a tsakar gida ya tsaya ya kira ni.

"Wa ya ba ɗan Sabri sunan nan?"

Na ce, "Ni ce, Yaya. Saboda Najla."

Ya dube ni ya daɗe. Ya ce, "Tun ina yaro nake tsaron sunan nan da jinina. Ke kika naɗe shi a kwando da cuku kika aika Alƙahira."

Na ce, "Motar asibiti fa, Yaya?"

Ya ce, "Ni zan tsaya a bakin titi ko da rarrafe. Ki rubuta masa ya goge. In bai goge ba, babu ni babu ɗakin Sabri, ko gawata kada su zo."

Tun ranar bai ƙara cin gurasar hannuna ba. Aika yake a sayo masa ta gidan burodin gwamnati, wadda da bakinsa yake cewa takarda ce aka gasa.

Na san wannan ba addini ba ne. Sunan Nana Maryamu sura guda ce a cikin Littafi, liman yana karanta ta da ƙarfi a gaban sahun maza. Amma ba kowace gaskiya ake miƙa wa mai fushi ba, kuma kunyar da yake ji ba ta ƙarya ba ce, son ta ne ya zo masa ta wannan hanya. Shi ne babba a gidan. Ka goge, ɗana. Sannan ka duba ko akwai wata dabara da za ta kawo mota ƙofarmu ba tare da sunan ba.

Goggonka, Ummu Ramzi


Naj'ul Hamam
Bayan tsakiyar Rajab

Wa'il,

Ina fata lafiya ce ta sa shiru. Milad ya ce ya ba maiɗakinka takardata hannu da hannu, ta ce ba ka dawo ba. Na fita bakin ƙofa lokacin da Baffanka yake masallaci na kira lambarka, aka ce a kashe take.

Sunan yana nan. Najla tana duba mini a wayarta kowace safiya. Yara sun gano, sai su tsaya a bakin lungu su sa wayar ta yi magana su ruga. Baffanka ya daina zuwa gidan shayi. Yana cewa shirunka raini ne, wai ka ga saƙo ka yi banza da shi don kai mai ilimi ne mu kuwa manoman rake. Na ce masa kana hamada, ya ce hamadar ma ai a taswirarka take.

Shekaranjiya Najla ta ga ɗan jini, kaɗan ne, ya tsaya da kansa. Ta kama hannuna ta ce, "Goggo, ni ban san abin da zan roƙa ba, a goge ko a bari." Na ce ta roƙi sauka lafiya, sauran ta bar wa manya. Amma ni ma da na ɗaga hannu bayan sallah, a nan na tsaya.

Ban canza magana ba. Na yi masa alkawari zan sa a goge, ka taimake ni in cika.

Ummu Ramzi


Alƙahira
Janairu

Goggo,

Aminci da gaisuwa. Jiya na dawo na tarar da takardunki biyu a kan tebur. Na karanta ta farko sau biyu, ban iya cin abinci ba. Wallahi girmamawa na nufa. Na kira Baffa da safe, yana jin muryata ya kashe. Ki ba shi haƙuri a madadina, ki ce ɗansa ne ya yi wauta, ba raini ba ne.

Na goge. Na mayar da tsohon sunan, nan da 'yan kwanaki zai ɓace daga wayoyi. Shugabarmu ta tambayi dalili, na faɗa mata, sai ta ce ita ma mijinta ɗan Suhaj ne, can kudu kamar ku, sai a takardar asibiti ta fara ganin sunan surukarta.

Game da wata dabara. Ana iya ba lungunan lamba, na ɗaya, na biyu, na uku. Tsarin yana ƙirgawa ne daga arewa zuwa kudu, naku zai zama na uku. Amma wannan sai mai gari da dattawan ɗakunan sun sa hannu, ba zan ƙara taɓa sunan kowa da ra'ayina ba. Ki gwada masa. Wayar Najla kuma tana iya aika inda take tsaye, sai dai lambar motar asibiti murya kawai take karɓa a lardinku tukuna, an ce gyaran yana tafe.

Akwai abu ɗaya da dole in faɗa miki, ki yanke ko za ki gaya masa. Allunan da ke cikin motocin asibiti ba sa bin taswirar wayoyi kullum. Kwafi ake zuba musu, don su yi aiki ko babu layi, kuma ba a sake zubawa sai bayan wata da watanni. Wanda ke ciki yanzu shi ne mai ɗauke da gyarana na farko. Na roƙa a cire, aka ce ba a buɗe kwafi don lungu ɗaya, sai zubi na gaba, bayan ƙaramar Sallah. Wato a wurinsu, har zuwa lokacin, lungunku yana nan da sunan Kaka. Babu mai gani sai direba da mai amsa waya, kuma allon ba ya magana a kan titi. Na so in ce miki na share shi ko'ina, amma ba zan yi miki ƙarya ba.

Ki gaida Najla. Ina jiran labari, wayata a buɗe take yanzu dare da rana.

Ɗanki mai neman afuwa, Wa'il


Naj'ul Hamam
Sha'aban

Ɗana Wa'il,

Godiya ta tabbata ga Allah mai fitar da rai daga rai. Ina gaishe ka da iyalinka. Na san Milad ya kira ka ya ce an sauka, namiji ne, uwa da ɗa suna raye. Sauran ba na waya ba ne, shi ya sa na zauna na rubuta.

Da takardarka ta zo ban ɓoye masa komai ba, amana ce. Na fara da zancen lamba. Ya ce, "Na uku? Mu da muke babban ɗaki? Zaglul ya zama na ɗaya? Gara mota ta ɓata." Sannan na gaya masa zancen allunan motoci. Ya ce Allah ya sa su ƙone.

Ranar Lahadi bayan azahar, saura kwanaki kaɗan ranar da likita ta sa, Najla ta fito tsakar gida shan rana. Ina kwashe gurasa na ji ta ce "Goggo" da wata irin murya. Na juya na ga jini har ƙasa. Ba irin na wancan karon ba ne.

Na kwantar da ita a wurin, na ɗaga ƙafafunta a kan buhu, na ƙwala wa matar Milad kira ta katanga. Hannuwana biyu duk suna kanta, ba zan iya sakin ta ba. Unguwa babu kowa, duk suna gonar rake. Sai Baffanka a kan dakali da 'yar wayarsa, da tsofaffi biyu a inuwar gidan marigayi Sabit, da Zaglul da ya zo karɓar aron igiya. Ƙofa a buɗe take, ina jin komai.

Ya yunƙura zai tafi bakin titi kamar yadda ya yi alkawari. Taku kaɗan ƙafar ta ƙi, ya dawo ya zauna. Ya kira. Yana sa wayar a babbar murya saboda kunnensa.

Mai amsawa ya ce, "Wane lungu, Alhaji?"

"Na 'Ya'yan Abdur-Radi."

"Biyu nake gani a nan masu wannan suna. Na arewa ko na bakin ruwa?"

"Ba ko ɗaya. Bayan hasumiyar tantabaru."

"Babu hasumiya a allona, Alhaji."

"An rushe ta! Kowa ya san wurin!"

"Direban ɗan Aswan ne, bai san kowa ba. Akwai wani lungu daga kudu mai wani suna daban. Ka faɗa mini sunan in tabbatar, kada in tura mota inda ba nan ba."

Sai shiru. Ɗana, ban san tsawonsa ba, a wurina ya fi shekara. Leɓɓan Najla sun yi fari. Na buɗe baki zan ƙwala sunan daga ciki, ko me zai biyo baya ya biyo. Kafin in yi sai na ji ya faɗa, can ƙasa-ƙasa.

Mutumin ya ce, "Layi yana yankewa, ban ji ba."

Sai Baffanka ya ɗaga murya, irin wadda yake kiran ma'aikata da ita daga wannan bakin gona zuwa wancan. "Ruhiyya! Lungun Ruhiyya! Uwata ce, gidanta ne, 'yar ɗanta ce take zubar da jini. Ka turo!"

Mutumin ya ce, "Na gani. Ga ta nan tafe."

Ni tunda nake ban taɓa jin sunan nan a bakin namijin gidanmu ba. Mahaifinmu ma Ummu Halaf yake ce mata har ya koma ga Allah. Ina danne da Najla hawaye yana zuba a kan hannuna, ban sami hannun sharewa ba.

Matar Milad ta ce tsofaffin nan biyu ƙasa suka duba. Zaglul kuwa ya ajiye igiyar, ya tattare rigarsa, ya ruga bakin lungu da tsufansa, ya warware rawaninsa yana kaɗawa. Ba a ma buƙaci hakan ba. Jiniyar ba ta kewaya ko'ina ba, kai tsaye ta zo ta tsaya a ƙofarmu.

An yi mata aiki a Ƙina, an ƙara mata jini. Likita ta ce da an ƙara jinkiri da wani labarin ake. Jiya aka sallamo mu. Yaron ƙarami ne amma yana kama nono.

Yau da safe na fito da gurasa na ajiye a inda na saba. Ya miƙa hannu ya gutsura. Ya ci rabi sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Zaglul ya zo jiya. Ya ce tasa uwar Nabawiyya sunanta, wai in riƙe, mu yi daidai." Na ce Allah ya jiƙanta, na san ta, ta iya cuku. Ya ce, "Ashe kin sani." Na ce, "Yaya, mu duk mun sani."

Ya ƙara gutsura. Can ya ce, "Yaron nan na Sabri, bayan Sallah zai cire daga motocin?"

Na ce haka ka rubuta.

Ya ce, "Najla za ta sake haihuwa. Ni ma ga ƙafa." Sannan ya ce, "Ki ce masa ya bari. Na wayoyin ma ya mayar, kada a zo ana suna biyu. Amma ba haka tsirara ba kamar wata yarinyar talla. Ya sa Hajiya a gaba. Ta je, ba a bakin mutane ta samu ba."

Na shaida ta je, ina 'yar budurwa muka raka ta tashar jirgi. Saboda haka ga saƙo, kuma wannan karon ba kwatance ba ne, suna ne nake ba ka da izinin babban gida: Lungun Hajiya Ruhiyya. In shugabarku tana son shaida, ya ce zai dangwala hannu.

Ya ce kuma ka zo suna da maiɗakinka, ɗakin baƙi a share yake.

Har na naɗe takardar ya sake kira na. Wai matar nan ta cikin waya, in da hali a yi mata magana ta riƙa sassauta murya in ta zo kan sunan. Na ce masa ban sani ba ko wannan yana hannunka, amma zan tambaya. To, na tambaya.

Allah ya yi maka albarka, ya raya zuriya.
Goggonka, Ummu Ramzi